Sunan Baƙon Jumma'a

Jumma'a, 7 ga Rabi'ul Awwal 1347, bayan La'asar

Da sunan Allah na jiƙa tawada. Ba ni da wanda zan gaya wa wanga farin ciki, sai takarda.

Baƙon Jumma'a ya zo. Haka nake ce mishi, tunda makarantar Nasara ba ta sakinsu sai Jumma'a, kuma ba a kama sunan ɗan fari. Uwata ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayana da sunanshi ba, ni ma haka na taso. Na aje tuwo bakin ɗaki, na ce wa bango, "In da mai jin yunwa, ga abinci." Shi ma ya ce wa bango, "An gode."

Tasalla, ƙanwar marigayi maigidana Illo, ita ta shigo da labari, tana guɗa tun daga zaure.

"Ke Malama, aje tasbaha ki taka rawa! Yaronmu ya kada su duka. Lissafi shi na gaba, Ingilishi shi na gaba. Bature Mai Tabarau ya zaɓi ukku da za su zauna jarrabawar babbar makarantar Katsina, shi na na farinsu."

Na ce, "Madalla da masu yaro."

"Ji ta! Masu yaro! Gindin kuka munka tsinto shi? Ni da kika kusa karya wa hannu kina naƙuda?"

Na rufe baki da mayafi don kada ta ga haƙorana.

A can makaranta ba sunanshi yake amsawa ba. Shekarar da Nasara sunka ce kowane babban gida ya ba da ɗa guda, Tambari, wanda muke zaune cikin filinshi nan Ƙofar Atiku, bai yarda Siddiƙunshi ya je ya koyi rubutun hagu ba. Illo barunje ne, wato mahauci, shi ke kai nama gidan. Sai Tambari ya ɗauki namu ya miƙa, anka rubuta Siddiƙu Tambari. Illo ya ce mi za mu ce? Na daɗe ina tsoron kada a maido mini shi ba salla. Da sallarshi yake dawowa, kuma duk Jumma'a ina laɓewa bayan zana in saurari tilawarshi. Bai yar da harafi ko guda ba.

Yau ya ɗauki goruba yana nuna wa Tasalla wai haka duniya take, tana juyawa. Ta ce to mu da ke ƙasan goruba mi ya hana mu zubewa? Ya yi dariya har ya ƙware.

Asabar, 8 ga wata, hantsi

Katsina nesa ce. Ban tambayi kowa nisanta ba.

Litinin, 10 ga wata, bayan Azahar

Na shiga gidan Tambari biya wa mata karatu kamar kullum. Uwargida Ashatu ta amsa gaisuwata da hanci. Muna cikin karatu ta ce, ba tana dubana ba, "Abdulwahabu shi na na huɗu. Ukku ake so. Ikon Allah, ɗan gida na waje."

Abdulwahabu ƙanen Siddiƙu ne. Shi kam da kansu sunka kai shi daga baya, da sunka ga waɗanda sunka dawo daga Katsina suna zama bisa kujera gaban Razdan, babban Baturen mulki, ana kiransu Malam.

Na ce Allah shi sa albarka ga duka. Ta ce amin, a taƙaice.

Laraba, 12 ga wata, ranar Maulidi, bayan La'asar

Tambari ya aiko in zo. Na durƙusa bayan asabarin zaure, shi yana ciki.

"Malama, yaron nan ya yi karatu ya isa. Ki sa shi ya ce ba ya son tafiya. In aje shi nan, ya riƙa duba mini rumbuna. Ba zai rasa riga ba."

"Ranka shi daɗe, ranar da anka kai shi ba a shawarce ni ba. Ban san ta inda ake hana shi ba."

"Da sunana ya shiga."

"Awo, ranka shi daɗe. Amma da kanshi ya yi karatun."

Ya ja tasbaharshi har na ji ƙararta. Sannan ya ce, "Tashi ki tafi."

Ban ɗaga murya ba, na duba maganata ban ga rashin ladabi ba. In akwai, Allah shi gafarta mini. Amma ban janye ba.

Alhamis, 13 ga wata, da azahar

Wani akawun makaranta ya zo bisa keke, mutumin Kudu, da gajeren wando da takarda a hannu. Ya same ni zaure da matan unguwa da ke ɗaukar karatu wurina. Hausarshi a karkace take.

"Yaro Siddiƙu, Tambari ya ce ba nashi ne ba. Ya ce a tambaye ki. Naki ne?"

Gaban mata. Gaban ɗalibata Lami da surukarta. Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan mutane ne."

"Ba naki ba?"

"Ni ina na ga ɗa? Na masu shi ne."

Ya rubuta, ya hau kekenshi. Surukar Lami ta ce, "Ka ji 'yar mutunci." Har na ji daɗin maganarta.

Jumma'a, 14 ga wata, bayan La'asar

Baƙon ya zo da adakarshi a kai, da tabarma, da littattafai ɗaure da igiya. Ba haka yake zuwa ba.

Na aje tuwo. Na ce wa bango abin da na saba. Bango bai amsa ba.

Tasalla ta zo ta zauna kusa da shi. Ina cikin ɗaki ina ji.

"Gwaggo, an tara mu filin da muke fareti. Mai Tabarau ya ce makaranta ba ta riƙe ƙarya. Ya ce ba a kai yaro Katsina sai uwa ko uba ya tsaya gabanshi ya yarda. Tambari ya ce ni ba nashi ba ne. Matar da anka ce ita ta haife ni, ita ma ta ce ni ba nata ba ne."

"Kai! Ba ka gaya mishi kunya ta ba?"

"Na gaya mishi, da Ingilishi ma. Ya ce wanda ya shekara shida da sunan wani, ta yaya za a karɓi maganarshi?"

"Yaran fa?"

"Abdulwahabu kuka ya yi, ya ɗaukar mini adaka har ƙofa. Sauran suna ta kirana ɗan mutane."

Tasalla ta ɗaga labule ta dube ni.

Tambari ya san amsar da zan ba da. Shi ya ce a tambaye ni. Ya san ranar da mata ke taruwa wurina. Da kunyata ya yanka yaron, ni kuma na miƙa mishi wuƙar ina jin daɗin yabo.

Asabar, 15 ga wata, da safe

Tuwon jiya na nan bakin ɗaki. Na ba kaji.

Litinin, 17 ga wata, hantsi

Bai daina karatu ba. Da asuba in ya gama tilawa sai ya zauna gindin zogale, ya buɗe littafin Ingilishi yana karantawa da ƙarfi kamar mai tauna tsakuwa. Ya zana taswira a ƙasa da tsinke, koguna da garuruwa, akuya ta taka ya sake zanawa. Daga nan in iska ta juyo ana jin ƙararrawar makaranta. Duk sanda ta buga sai ya miƙe tsaye, sannan ya tuna, ya zauna.

Jarrabawa Talatar mako mai zuwa.

Lami ta ce mini ai Allah ne ya fid da shi daga hannun kafirai, in yi sadaka. Da can ni ma haka zan ce. Ni ban taɓa son makarantar nan ba. Amma wanda anka jefa rijiya don ya ceci ɗan wani, ya koyi iyo da kanshi, ba a zuwa a ce mishi fito ka ba ɗan gida wuri, ruwan ya yi daɗi.

Laraba, 19 ga wata, bayan Azahar

Tasalla ta tafi makaranta da kanta. Ta dawo tana huci.

"Na ce mishi ni gwaggonshi ta, ƙanwar ubanshi, ciki guda. Ya dube ni ta cikin gilashin nan nashi kamar mujiya, ya ce in uwa ta ƙi, gwaggo ba ta isa ba. Na ce uwa ba ta ƙi ba, kunya take. Ya ce kunyar mi? Ta sato shi ne? Malama, mutanen ga ba su da ɗan fari a ƙasarsu?"

Na ce ƙila suna da shi.

"To ke za ki tafi."

"Ni?"

"A'a, ni da na haife shi."

Jumma'a, 21 ga wata, bayan sallar Jumma'a

Malam Mode ya zo, mai koya musu lissafi. Ɗan garin ga ne, uwarshi ma ba ta kama sunanshi. Ya tsaya zaure yana murza hula.

"Inna, yaron nan ban taɓa koyar da irinshi ba. Tun kafin in gama rubuta tambaya bisa allo ya gama."

"Malam, da akawu ya kawo amsata, kana wurin?"

"Ina wurin."

"Ka san abin da nake nufi?"

"Na sani, Inna."

"To?"

Ya ce gidan da yake ciki na Tambari ne, kuma yana da iyali. Ya ce Mai Tabarau ba mugu ba ne, amma abin da anka rubuta shi ya sani. In uwa ta zo da ƙafarta kafin Talata, ta ce nata ne, ta faɗi sunanshi na yanka da bakinta, za a maida shi.

Na ce na ji, a gaida gida. Ban zage shi ba. Na so, Allah shi yafe mini.

Asabar, 22 ga wata, hantsi

Na tafi bayan ɗaki wurin awaki, ba kowa. Na buɗe baki in faɗi sunan. Ko harafin farko bai fito ba. Akuya na kallona.

Shekara goma sha shida ina jin sunan a bakin kowa. Ranar suna ma ɗaki na shige na toshe kunne, mata na dariya.

Asabar, bayan La'asar

Na kwance gafakar ubana na duba abin da na karanta a gabanshi. An ce kunya tana cikin imani, haka ne. Amma ban ga inda anka hana uwa kiran ɗanta ba. Abin da na gani shi ne abin da anka faɗa game da mai ɓoye shaida, kuma ba mai sauƙi ba ne. Kunyar ɗan fari ado ce ta iyayenmu, ina sonta, da ita zan mutu. Amma ba a rufe mai rai da zanen ado.

Na sake zuwa wurin awaki. Ya fito rabi.

Lahadi, 23 ga wata, da azahar

Uwargida Ashatu ta aiko. Wai an ji ina shirin taka makarantar Nasara. Wai macen da ke biya wa matan gidansu karatu ba ta zuwa ta tsaya gaban Bature ta zubar da kunya. In na tafi, in nemi inda zan aje tukwanena.

Na ce a gaya mata na ji, Allah shi saka da alherin zaman da munka yi.

Na fara ɗaure kaya. Tasalla ta ce ɗakin uwarta na nan unguwar rundawa, cikin mahauta, sai dai in iya da warin ɗanyar fata. Na ce na aure shi shekara ashirin, bai kashe ni ba.

Baƙon ya ga ina ɗaure tukwane. Ya ce wa bango, "A bar shi. Ba sai an tafi ba. Zan iya fawa, sana'ar ubana ce."

Na ce wa bango, "Fawa ba abin kunya ba ce. Amma a wanke farar riga."

Litinin, 24 ga wata, bayan La'asar

Na tafi.

Baƙon yana gaba, Tasalla na gefena. Ban taɓa fita ƙofar gari ta wannan gefen ba. Makarantar dogayen ɗakuna ce na ƙasa, an shafe su da farar ƙasa, ga fili an share shi ƙal, ga lambu kowane yaro da kunyarshi ta gyaɗa. Mun iske suna fareti, wani tsohon soja na daka musu tsawa, suna ɗaga ƙafa tare kamar an ɗaure su da igiya guda. Da sunka gan mu layi ya karkace.

Ɗakin Mai Tabarau akwai teburi, da wata ƙwallo mai shuɗi bisa sanda. Ita ce gorubar, na gane ta. Malam Mode na tsaye gefe. Bature ya yi mini Hausa irin ta Kano, a hankali, kamar mai taka ƙaya.

"Ke ce kika ce ba naki ba ne?"

"Ni ce."

"Yau kuma naki ne?"

"Nawa ne."

"To yaushe kika yi ƙarya, ranar nan ko yau?"

Kalmar ta soke ni. Na ce, "Ban yi ƙarya ba, ranka shi daɗe, kunya na yi. Kowace uwa a garin ga, ka tambaye ta ɗanta na fari gaban mutane, haka za ta amsa. Wanda ya ce a tambaye ni ya san haka. Ga malaminka nan, tambaye shi."

Ya juya. Malam Mode ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa, sannan ya ce, "Haka na."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ba a tambaye ni ba."

Fuskar Bature ta yi ja har kunne. Ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ɗauki alƙalami ya ce, "Faɗi sunansa."

Tagogi cike da kawunan yara. Tasalla ta kama gefen zanena. Baƙon yana tsaye bayana, ina jin numfashinshi.

Na faɗa. Muryata ba ta da ƙarfi, Bature ya ce bai ji ba. Na sake faɗa, da sunan ubanshi, na ƙara da cewa ubanshi barunje ne, don kada gobe wani ya zo ya ce an ɓoye.

Ban waiwaya ba. Na dai ji wani sauti a bayana, kamar wanda anka daka wa ƙirji.

Ya tambaye ni ko na yarda a kai shi Katsina in ya ci. Na ce na yarda, in za a bar shi da sallarshi. Ya ce akwai liman a can. Anka shafa mini baƙar tawada a babban yatsa na danna bisa takarda. Na sha wahalar kankare ta kafin Azahar, don ban sani ba ko tana hana ruwan alwala shiga.

A hanya Tasalla ta ce, "Ashe bakin na iyawa! Sake faɗi in ji."

Na ce ta kiyaye ni.

Talata, 25 ga wata, hantsi

Suna can suna rubutawa. Ni ina kwasar tukwane.

Jumma'a, 28 ga wata, bayan La'asar

Mun tare ɗakin uwar Tasalla. Yana yoyo ta kusurwa guda.

Cikin matan da ke ɗaukar karatu ba wadda ta biyo ni. Surukar Lami, wadda ta ce mini 'yar mutunci, ita ke yawo da labarin cewa na tsaya gaban kafiri na kira ɗan fari da suna har sau biyu, ko kai ban sunkuyar ba. Na sunkuyar. Sauran gaskiya ne.

Na ji Malam Mode ma yana neman gida. Na yi mishi addu'a, wannan karon da zuciya guda.

Baƙon ya zo. Ya ce wa Tasalla lissafi ya zo da sauƙi, Ingilishi ne anka ce su rubuta labarin kasuwa, shi kuwa ya rubuta yadda ake feɗe saniya tun daga wuya har wutsiya. Ya ce da safe da anka kira suna, sai da anka kira nashi sau ukku kafin ya gane shi ake nufi. Yara sun bar ɗan mutane, yanzu ɗan rundawa suke ce mishi. Tasalla ta ce, "Ka ce musu awo, kuma naman da ubanninsu ke ci a bashi ne." Na ce ta bar koya mishi rashin kunya. Ta ce wa ya fara?

Ya cinye tuwon.

Laraba, 10 ga Rabi'us Sani, da safe

Matan rundawa biyu sun zo da alluna. Ko Fatiha ba su gyara ba. Mun fara.

Talata, 16 ga wata, bayan Azahar

Ya ci jarrabawa. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Abdulwahabu ne ya zo da gudu ya faɗa, a ɓoye daga gidansu. Na ba shi fura, na ce Allah shi kai shi baɗi. Da gaske nake.

Asabar, 27 ga wata, hantsi

Sun tafi da safen nan, motar gwamnati za ta ɗauke su daga makaranta. Na yi mishi ƙuli da dakuwa, Tasalla ta cika mishi jaka da kilishi har ta ƙi rufuwa. Na sa ƙaramin Alƙur'anin ubana a ƙasan adaka, ban gaya wa kowa ba.

Ban fita rakiya ba, ba a yi. Ina zaune cikin ɗaki ya zo ya durƙusa bakin ƙofa, ya ce wa bango, "Za a tafi."

Na ce wa bango, "Allah shi kiyaye hanya. A riƙe salla."

Bai tashi ba. Can ya ce, "Ranar nan a ofis, yara na ta hayaniya a taga. Ban ji da kyau ba."

Na ce, "Wanda bai ji ba ya yi hasara."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗauki adaka. Na ji takunshi ya ratsa tsakar gida, ya kai bakin zaure.

Na kira shi.

Ba Bature, ba akawu, ba wanda ya tilasta ni. Takun ya tsaya. Ya ce, "Na'am, Inna." Sannan ya fita.

Tasalla na bakin murhu, ta yi kamar hayaƙi ne ya shiga mata ido.

Tun farkon takardun ga ban rubuta shi ba. Bari in rubuta, tawada ta saura kaɗan.

Jinaidu. Jinaidu ɗan Illo.

Ɗana ne.